Kawu Jibirin da Mai Jan Wutsiya

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Jibirin a nan Madina ya san ba ya sakin hannun mutum sai ya ji shekarunsa. Kafin "ina gida", kafin "yaya aiki", zai riƙe hannunka, ya ɗan matsa damtsenka kamar mai cinikin rago, ya ce, "Ya shehu, shekarunka nawa?" In ka ce hamsin, sai ya sake ka ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya wuce abinsa. In ka ce talatin, to ka shiga uku, ranar sai ka sha shayi a shuggarsa, wato sashensa na gidan bene a unguwar Al-Sih. Baƙi sukan zaci miji yake nema wa 'yarsa. Kawu kuwa ba ɗa ba 'ya, matarsa ta rasu tun ina ƙarama. Magaji yake nema wa macijiya.

Ku da kuka san shi na san kun fara dariya. Ni ce Rakiya, 'yar ƙanwarsa Hauwa, kuma na fi kowa shan wannan shayin.

Kawu mai yankan gilashi ne da haɗa tagogin alminiyom, warsharsa, wato shagon aikinsa, tana unguwar Sultana. Wata shekara wani injiniya baƙo ya sa shi haɗa akwatin gilashi, dogo, mai ƙofar zugewa. Kafin a gama, aikin injiniyan ya ƙare, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ranar tafiyarsa ya zo warsha da 'yar jakar yadi, ya ce jirgi ba zai ɗauki abin da ke ciki ba. Kawu ya leƙa, ya ga 'yar macijiya ba ta fi kamu guda ba, ruwan toka mai zane-zane a baya, wutsiyarta ja kamar an tsoma ta a lalle. Ya ce, "Akwati dai nata ne, na riga na yanka gilashin." Shi ke nan fa. Ya raɗa mata suna Baƙuwa, ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan har ya samo mata takardar izini, alhali tasa iƙamar, takardar zama a ƙasar, saura kaɗan ta mutu.

In kana so ka ga ɓacin ran Kawu, kira ta mesa.

"Mesa ƙwai take yi ta kwanta a kai," in ji shi. "Wannan bowa ce mai jan wutsiya, daga dazuzzukan Kudancin Amurka, inda ruwan sama ba ya yankewa. Haihuwa take yi kamar akuya, 'ya'yan su fito da ransu. Kuma ba ta da dafi ko ɗigo, matsewa take yi."

Innata ta ce, "To alhamdu lillahi, Yaya, hankalina ya kwanta. Ashe matse mu kawai za ta yi."

Damuwar Kawu guda ɗaya ce. Irinsu sukan kai shekara talatin a hannun mai kula, shi kuwa ya karɓe ta kansa ya riga ya yi fari fat. "Zan riga ta tafiya, Rakiya," haka yake ce mini, ba wasa a fuskarsa. "Ranar da na faɗi, ko a ɗauko mata sanda, ko a sayar wa wani mai son ɗaukar hoto, ya ajiye ta ƙarƙashin mukayyif mai sanyaya ɗaki, sanyi ya kashe ta." Ni ma duk Sallah sai ya taya mini. Ni kuma in ce, "Haba Kawu! Ni da ko tsaka na gani a bango sai na canza ɗaki?" Ba ya fushi. Sai ya ce, "Tayyib, ba komai, Sallah mai zuwa."

Kun san tsimin Kawu, mutumin da yake wanke ledar burodi ya shanya. Wata Babbar Sallah firjin Inna ya cika da naman layya, ta aika da sauran wurinsa ajiya. Bayan kwana biyu muka je tare za ta dafa masa miya. Ta buɗe wurin ƙanƙara, ta jawo wata leda, ta ɗaga ta a haske.

"Yaya, yaushe ka fara sayen 'yan shila?"

Sai ta ga wutsiya. Wayyo Allah! Ihun da Inna ta yi har mai gadin bene ya hauro. Fararen ɓeraye ne na kiwo, daskararru, jere reras kusa da cinyar ragonta.

Kawu bai ko tashi daga tabarma ba. "Mayar da su, Hauwa, kada su narke. Abincin Baƙuwa ne. Kowanne a ledarsa yake, a ɗaure. Wallahi sun fi naman da kike saye a kasuwa tsabta."

"Ka sayi wani firji mana!"

"Don me? Ai sanyin ɗaya ne."

Inna ta rantse ba za ta taɓa naman ba, ta bar masa shi kaf. Ya ci har aka shiga sabuwar shekara. Tun daga nan duk layya sai ya buga mata waya da muryar tausayi, "Hauwa, bana ba ajiya?"

Ba kullum Baƙuwa take ci ba, sai bayan mako biyu ko uku. Zai narkar da ɓeran a ruwan ɗumi, ya miƙa mata da dogon awartaki, ta kai cafka ta naɗe shi tamau ko da yake matacce ne, sannan ta haɗiye ta wajen kai a hankali. Daga nan ba mai taɓa ta, ba mai ko ƙwanƙwasa gilashin sai an kwana biyu, in ba haka ba ta amayar. "A bar ta ta narkar," in ji Kawu. Wannan magana kuwa ta bi shi ko'ina. Ranar da muka yi cacar baki da maigidana na kai masa ƙara, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Kin gaya masa duk abin da ke ranki?" Na ce na gaya masa. Ya ce, "To a bar shi ya narkar. Kika taɓa shi yanzu, amai zai yi miki."

Maganar turare ita ce ta kusa raba shi da Inna. Iskar Madina kun san ta, ka shanya riga kafin ka juya ta bushe ƙarau. Baƙuwa kuwa laima take so da ɗumi. Shi ya sa Kawu bai taɓa kunna mukayyif ɗin zamani da mai gidan ya saka ba, sai wani tsohon na ruwa mai hura iska da danshi. Ƙasan akwatin ɓawon kwakwa ne, safe da yamma yana fesa masa ruwa da kwalbar feshi irin ta masu aski. Gefe guda akwai fitilar ɗumi, ɗaya gefen babu, ta zaɓi inda take so.

To sai ga 'yan'uwa daga Gadarif ta Sudan za su zo umara, wurin Kawu za su sauka. Inna tana da makullin shuggar. Ta bari ya tafi warsha, ta shiga ta share, ta goge, ta rufe tagogi, ta kunna sabon mukayyif har ƙarshe. Mu matan Sudan kuma kun san halinmu, gidan da ba a turara ba a wurinmu ba a share shi ba. Ta cika kasko da garwashi, ta zuba turaren wuta mai tsada. Da yake zuciyarta fara ce, har ta kai kaskon bakin akwatin, wai ita ma Baƙuwa ta yi ƙamshi kada baƙi su raina ta.

Kafin baƙin su iso Baƙuwa ta fara ɗaga kai sama, baki a buɗe, numfashinta yana fito, kumfa a gefen baki. Kawu ya naɗe ta a zanen gado ya kai ta likitan dabbobi, aka yi ta yi mata allura.

"Hauwa," ya ce, "huhunta ba irin naki ba ne, ke da kika girma a cikin hayaƙi."

Inna ta yi kuka sosai, don wallahi alheri ta nufa. Baƙi kuwa suka sauka a shugga ba sanyi ba turare, sai gumi da warin jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa. Babbansu, wani dattijo ɗan baffan su Inna, ya daure kwana biyu, sannan ya ce, "Jibirin, mun baro damina a gida mun zo mun tarar da ita a ɗakinka. Ba za a ɗan kunna mana wancan ba?"

Kawu ya ce, "Ku mako biyu za ku yi ku koma gida. Ita ba ta da inda za ta koma."

Dattijon ya ɗauki tabarmarsa ya koma barci a kan rufin bene.

Amma wanda duk Al-Sih ba za a manta ba shi ne na Malam Abakar. A lokacin Baƙuwa ta fi Kawu tsawo, kaurinta kamar sharaɓar ƙato. Kawu mai haɗa wa mutane ƙofofi da makullai ne, amma akwatinta ba makulli, wani guntun katako yake tokare ƙofar da shi. In na yi magana ya ce makulli na ɓarayi ne, ita kuwa ba ɓarauniya ba ce. Wata rana da sanyi ya dawo daga sallar Azahar ya tarar da katakon a ƙasa, akwati wayam.

Malam Abakar tela ne ɗan Cadi, bai daɗe da tarewa a shuggar da ke ƙasan ta Kawu ba. Gemunsa fari ne, don haka Kawu bai taɓa gayyatarsa shayi ba, shi kuma bai san da wata Baƙuwa ba. Ita kuwa ta bi ta kafar da bututun ruwa ke bi, ta sauka banɗakinsa, ta samu sahhan, tukunyar nan ta dumama ruwan wanka, ta naɗe a kanta tana jin daɗin ɗumi.

Al'adar garin nan kun san ta, kuma tana da asali a hadisi. Macijin da aka gani cikin gida a Madina ba a kashe shi nan take, sai an yi masa gargaɗi kwana uku, don wataƙila aljani ne musulmi. In wa'adin ya cika bai fita ba, sannan a kashe. Malam Abakar mutum ne mai kiyaye sunna. Ya ja ƙofa ya kulle, ya ce wa iyalinsa banɗakin ya lalace. Kullum bayan Asuba sai ya buɗe kaɗan ya ce, "Ya kai bawan Allah, na haɗa ka da Allah ka fita daga gidana, ba mu nufe ka da sharri ba." Baƙuwa ta zaro masa harshe ta mayar.

Kawu a sama ya birkice gidan kaf, ƙarƙashin gado, bayan firji, cikin buhun shinkafa. Ni kaɗai ya gaya wa, don ya san in mutanen benen suka ji, da tabarya za a fito nemanta. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar, ya zauna gaban akwatin yana cewa, "Sanyi ake yi, Rakiya, sanyi ake yi." Shi da Malam Abakar kuwa kafaɗa da kafaɗa suke salla a masallacin unguwa, kowa ya ƙunshe tasa a ciki.

Ranar da wa'adi ya cika ina wurin Kawu, sai ga sallama. Malam Abakar ne, idanunsa sun faɗa.

"Malam Jibirin, an ce kana aikin alminiyom. Ko za ka ara mini sanda guda, doguwa, mai nauyi?"

"Labule za ka rataya?"

Ya waiga, ya rage murya. "Wani baƙo nake da shi a banɗaki. Na cika masa kwanakinsa, ya ƙi fita."

Kawu ya miƙe zumbur. "Wutsiyarsa ja ce?"

"La haula! A ina ka sani?"

Tsohon da yake hawa bene yana hutawa, ranar ba takalmi ya sauka a guje, ni ina biye. Ya buɗe banɗakin, ya sa hannu biyu ya warware ta daga sahhan a hankali, ta zarce kafaɗarsa ta kwanta abinta. Malam Abakar ya manne da bango yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

"Subhanallahi! Malam Jibirin, ashe aiki kake da aljanu?"

Da ƙyar Kawu ya fahimtar da shi cewa dabba ce mai takarda. Da hankalinsa ya dawo sai kuma abin ya ba shi haushi. Ya ce, "Kwana uku ina yi mata nasiha! Na yi da Larabci, na yi da Hausa, har da yaren garinmu na gwada."

"Ba ta da kunne, Malam. Motsin ƙasa take ji. Da ƙafa ka buga da ta san ka zo."

"To ni da wa nake magana?"

"Da sahhan."

Na yi dariya har na durƙusa. Kawu bai yi ba. Ya riƙe hannun Malam Abakar ya ce, "Da a Gadarif ne ko Injamena, da tuni an fasa mata kai. Kai da garin nan kuka cece ta, Allah ya saka maka da Aljanna." Bai saki hannun ba kuma. Ya ce, "Kana da ɗa namiji? Shekarunsa nawa?" Yaron dai bai karɓa ba, amma a ranar Kawu ya sayi makulli, har biyu.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, an sha shayi ba iyaka, ba wanda ya ce na karɓa. Wasu sun zo don kallo. Wani ya tambayi nawa za a saye ta, Kawu ya karɓe kofinsa tun bai shanye ba.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Likitansa, wani Bakano mai haƙuri, ya ce zuciya ce, dole a kwantar da shi a asibiti. Kawu ya ce sai wani mako. Inna ta roƙe shi, ya ƙi. Na je da kaina raina a ɓace, na same shi zaune a ƙasa gaban akwatin, kwalbar feshi a hannu, ko ɗaga ta ba ya iyawa sosai.

"Dubi idonta," ya ce.

Idanun sun yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara, jikinta duk ya dushe.

"Saɓa za ta yi. Yanzu ne ta fi bukatar laima. In iska ta bushe, fatar ta fita gutsi-gutsi. Wadda ta maƙale a ido ta makantar da ita, wadda ta maƙale a ƙarshen wutsiya ta ɗaure ta, jini ya yanke, wutsiyar ta ruɓe."

"Kawu, za ka kashe kanka saboda fatar maciji?"

"To wa zai fesa?"

Wallahi na ji kamar in rufe shi da duka, kuma na ji kamar in rungume shi. Na ce, "Ba ni kwalbar." Ya dube ni. Na ce, "Har ta yi saɓa kawai. Ban ce na karɓa ba, ka ji da kyau."

Ya ce, "Tayyib." A ranar aka kwantar da shi.

Safe da yamma nake tasowa daga unguwarmu ta Ƙuba. In zuge ƙofar kaɗan, in fesa bango da ɓawon kwakwar, in canza ruwan bahonta da sauri. Ya gargaɗe ni kada in taɓa ta, don a wannan hali ba ta gani sosai, tana iya kai cizo. Ai ko bai faɗa ba! Duk zuwana asibiti kuwa, kafin in tambayi jikinsa ya riga ni, "Idon ya washe?" Ranar da na ce ya washe, ya ce, "To saura kaɗan, kada ki rage feshi."

Wata safiya na shiga na tarar da fatar a saƙale jikin guntun itacen dabinon da take hawa, ta fita gaba ɗaya a juye kamar an cire safa. Ita kuma tana gefe tana sheƙi, wutsiyar nan ja wur. Na daɗe a tsaye ina kallonta. A duk shekarun nan ban taɓa lura tana da kyau ba.

Na naɗe fatar a leda na kai masa. Ya rame ƙwarai, ga roba a hanci. Ya sa na shimfiɗa ta a kan bargon, ta wuce tsawon gadon. Ya bi ta da yatsa a hankali, ya fara da kai.

"Murfin ido biyu sun fita." Ya lalubo ɗaya ƙarshen. "Wutsiya ta fita har tsini. Ni ma ba kullum take fita haka a hannuna ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga yana so ya yi magana, na ga kuma yana tsoron amsar, shi da bai taɓa jin nauyin kowa a kan maganar nan ba. Abin ya karya mini zuciya.

Na ce, "Kawu, tana wurina. Na karɓa."

Ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Yau zan yi barci."

A makon ya rasu. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Maza huɗu suka sauko da akwatin daga Al-Sih, yanzu yana falona a Ƙuba. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau tsoronta nake ji. Amma ina kewar Kawu ƙwarai, kuma duk gidan nan ita kaɗai ce ta zauna da shi fiye da ni.

Ya Allah, bawanka Jibirin ya tausaya wa halittarka wadda kowa yake gudu, kai ma ka tausaya masa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sa shi cikin maƙwabtan Manzonka a can kamar yadda ka sa shi a nan. Ni kuma ka ba ni ikon riƙe amanarsa. Amin.